Tsohon soja a majalisar jiha: labarin Jason Kander

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai sojan da ya tuɓe kaki ya shiga majalisar jiha har ya yi suna. Akwai Jason Kander na jihar Missouri a Amurka. Ya yi aikin leƙen asirin soja a Afganistan, ya dawo aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha a 2008, sannan sakataren jiha a 2012. A 2016 ya nemi kujerar sanata, Roy Blunt, sanatan da ke kan kujerar a lokacin, ya kayar da shi da ƙyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne 2018. Yana takarar magajin garin Kansas City, ana ganin zai ci, sai ya janye, ya fito fili ya ce firgicin yaƙi da ciwon damuwa sun addabe shi, magani zai nema. Daga baya ya koma taimaka wa tsofaffin sojoji marasa matsuguni.