Na je rumfar zaɓe ban tarar da sunana ba: da gangan ne?

Tambaya daga wani mai karatu a Tawa, Jamhuriyar Nijar: Malam, a zaɓen Disambar 2020 na je rumfar unguwarmu, aka duba aka ce babu sunana. Lokacin rajista ina Abijan wajen cin rani. A fadarmu ana cewa da gangan ake cire mutane. Gaskiya ne? Kuma in an dawo zaɓe me zan yi?

Amsa: Ɗan uwa, kai dai ba cire ka aka yi ba, tun farko ba ka shiga ba. Kundin da aka yi zaɓen 27 ga Disamba 2020 da shi sabo ne fil, na na'ura mai ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ba a yi wa mutum rajista a bayan idonsa, sai ya kai kansa. Mutum wajen miliyan 7.4 suka shiga. An fara aikin a ƙarshen 2019, daidai lokacin da mazan Adar, wato yankin Tawa, ke ɗaure kaya bayan girbi su nufi Abijan, Libiya ko Najeriya. Ƴan Nijar mazauna waje kuma hukumar zaɓe ta CENI ba ta yi musu rajista ba, ta ce cutar korona ce ta hana. Ka ga ka yi biyu babu: ba ka gida, can ma ba a je ba.

Amma ƴan fadarku ba shirme suke yi ba. Ranar zaɓe kowa ido na kan akwati, alhali yawancin waɗanda ake rasawa tun watanni kafin nan aka rasa su, kuma a kan takarda. Dattijuwar da aka haifa a ƙauye, ba a taɓa rubuta haihuwarta ba, da me za ta tsaya gaban na'ura? Shi ya sa ake fita da alƙalai ƙauyuka suna ba da takardar haihuwa, sai dai ba kowane zango suke kaiwa ba. A 2016 an nemi toshe wannan giɓi da zaɓen shaidu: wanda ba shi da takarda ya zo da mutum biyu su ce sun san shi. Ƴan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce. A ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. In ka tsaurara, talaka ya rasa ƙuri'a. In ka sassauta, mai kuɗi ya cika mota da mutane. Mafita ita ce a bai wa kowa takarda tun babu batun zaɓe, ba ana saura wata uku ba.

Ga nisa, ga rashin tsaro. A 2016 kayan zaɓe sun makara a wasu wurare har aka kwana aka ci gaba washegari, kuma makiyayin da ya baro dabbobi a daji ba lalle ya dawo ba. Ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, 21 ga Fabrairu 2021, ma'aikatan CENI bakwai sun mutu a jihar Tilaberi da motarsu ta taka nakiya. Garin da aka tarwatsa ba sai an hana shi zaɓe ba.

Na gangan ma an gani. A Yulin 1996 shugaban mulkin soja na lokacin, Ibrahim Bare Mainasara, ya rusa CENI ana tsakiyar ƙirga ƙuri'u, ya naɗa wata hukumar da ta ce shi ya ci. Wasu kuma har yau ana jayayya a kansu: a Nuwamban 2020 kotun tsarin mulki ta hana jagoran ƴan adawa Hama Amadu takara saboda hukuncin ɗaurin shekara guda, magoya bayansa suka ce siyasa ce. Bayan an bayyana Bazoum Mohamed ya ci zagaye na biyu a 2021, abokin takararsa Mahamane Ousmane ya ƙi amincewa, aka katse intanet na waya kusan kwana goma. Ni awon da nake yi shi ne: tangarɗar kowa ta shafa, ko kullum yankin da ba ya tare da masu mulki take faɗa wa? In na biyun ne, to akwai lauje cikin naɗi.

Yanzu dai sojoji ke mulki tun 26 ga Yuli 2023, an kuma rusa jam'iyyu a Maris 2025, saboda haka lokaci na hannunka. Ka nemi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, naka da na maiɗakinka. In an buɗe rajista, ka yi ta kafin ka hau mota, ka adana ƴar takardar da za a ba ka. Idan an manna sunaye a ma'aikatar magajin gari, ka je ka duba da idonka, don a ƴan kwanakin da aka manna ɗin ne kawai ake karɓar ƙorafi. Ranar zaɓe kuma kada ka jefa ka wuce gida: ka dawo da yamma a ƙirga a gabanka, ka rubuta abin da kowa ya samu, ka ga wakilan ƴan takara sun sa hannu sun karɓi tasu takardar sakamakon. Kotu da ita take aiki, ba da labarin fada ba.