Faifan kuloci 3 a shekara ɗaya: a sayar da motar ne?

Tambaya: Ina da tsohuwar Mercedes 911 da ke kai mini hatsi daga Dawanau zuwa Lafiya, ta dawo da doya. A shekara ɗaya mun canza faifan kuloci sau 3. Bakanike ya ce kayan yanzu ne ba su da ƙarko. In sayar da ita?

Amsa: Alhaji, kada ka sayar tukuna, kada kuma ka sayi na huɗu sai an ajiye na ukun a gabanka. Jabu na nan a kasuwa, amma sau 3 a jere, akwai abin da ke cin faifan.

In ka shafa shi ka ji maiƙo, mai na yoyo daga robar bayan inji ko ta gaban giyabos. Faifan da ya sha mai santsi zai yi ta yi har ya ƙone, komai tsadarsa. In a bushe yake, ya yi ƙyalli yana ƙauri, fuskar filawil (babban faifan ƙarfe na bayan inji da faifan kuloci ke mannewa da shi) ta yi shuɗi da ƙananan tsage, zafi ne ya cinye shi. In kuwa gefe ɗaya ya fi cinyewa, ko sifirin ɗin tsakiyarsa sun karye, inji da giyabos ba sa kan saiti: a duba kusoshin da suka haɗa su, da robobin zaman inji, da ƙaramin boris na tsakiyar filawil.

Zafin nan ya fi damuna, don yawanci daga hannun mutane yake. Danna fedar kuloci da hannu: ya kamata ta yi wasan kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ta yi tauri. In babu wasan, kullum kulocin a ɗan take yake ko direba bai taɓa shi ba. Sai ka bi motar tafiya ɗaya. Da lodi, da giya ta ɗaya direba yake tashi ko ta biyu? Yana barin ƙafa a kan feda? A Hawan Kibo, hawan dutsen nan na hanyar Jos zuwa Akwanga, rabin kuloci yake riƙe ta da shi maimakon birki? Lodin kuma naka ne, Alhaji. Buhu 10 na kilo 100 da ka ɗora a sama tan guda ne cur, kuma ribarsu na iya ƙarewa a gareji.

Ta fuskar kuɗi, canza faifai shi kaɗai asara ce. Haɗa kuɗin sauke giyabos sau 3 da na kwanakin da mota ta yi a kwance, ka auna da gyara ɗaya cikakke: faifai, murfin da ke matse shi, boris biyu (na tsakiyar filawil da na sakin kuloci), robobin mai, da goge fuskar filawil a wajen masu injin gyaran ƙarfe. Tsohon murfi da ya saki ba zai matse sabon faifai ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka saye su saiti ɗaya, kamfani ɗaya, da rasit.

Kafin ka biya bakanike, a ja birkin hannu, a sa babbar giya, a saki kuloci a hankali. Ya kamata inji ya mutu nan take. In ya ci gaba da aiki, gyara bai yi ba.