Ɗana zai taso daga Sabha ta Libiya cikin ayarin motoci: lita 5 ta ruwa za ta kai shi Agadas?

Tambaya: Assalamu alaikum madugu. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Yarona ya daɗe a Sabha yana aikin gini, yanzu ya ce zai dawo gida cikin watan Mayu tare da ayarin Hilux da ke bi ta Dirku zuwa Agadas. Da muka yi waya ya ce direban ya hana kowa ɗaukar abin da ya wuce bido ɗaya mai lita 5, wai saboda nauyi. Abokansa kuma sun ce ya fara rage shan ruwa tun yanzu don jikinsa ya saba, kuma wai akwai ƙwayar da ake haɗiya a hanya ƙishirwa ta kwanta. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Da gaske jiki yana sabawa? Me zan ce masa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kira shi yau, kada ki bari sai gobe, ki ce masa kada ya ba wannan direban ko dala.

Hanyar tasu ta Gatrun ce, su ƙetaro iyaka a Tummo, su sauko Madama, Dao Timmi, Sigidin, sannan Dirku. Daga Dirku zuwa Agadas wajen kilomita 650 ne na hamadar Tenere, kuma wuraren samun ruwa a tsakani ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba: Ashegur, rijiyar Espoir, da ta wurin itacen Tenere. In komai ya tafi daidai, Hilux kan yi tafiyar duka cikin kwana 3 zuwa 5. Amma ba a lissafin ruwa a kan ranar da komai ya tafi daidai. A kan ranar da kuloci ya ƙone ake yinsa, ko ranar da aka iso rijiya aka tarar rairayi ya cike ta.

Ga lissafin. A watan Mayu zafin rana a can kan wuce digiri 45 a inuwa. Baligin da ke zaune bayan mota, iska mai zafi na dukansa, yana bukatar lita 6 zuwa 8 a yini, na sha kaɗai. Ki ɗauki lita 7, ki ninka da kwana 3 na tsakanin rijiyoyi masu tabbas, ki ƙara kwana 2 na tsautsayi: lita 35 ke nan ga mutum guda. Mota mai mutum 15 tana son lita 525, bido 21 masu lita 25, ban da na radiyeta. Kowace lita kilo guda ce, ita kuwa Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Ki haɗa da man mota, wanda a cikin rairayi take shan lita 20 ko fiye a kowane kilomita 100. Kin ga inda maganar nauyi ta fito. Direban bai yi ƙarya ba da ya ce motarsa ta yi nauyi, sai dai bai faɗa wa yaron cewa gurbin ruwan ne ya sayar wa fasinja na 20 da na 25 ba.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda ake maimaitawa a kowace tasha daga Sabha har Agadas: wai a horar da jiki da ƙishirwa. Hajiya, babu wannan abu. Jiki yana sabawa da zafi, wannan gaskiya ne, amma yadda yake sabawa shi ne ya riƙa fitar da gumi da wuri kuma da yawa don ya sanyaya kansa. Wanda ya saba da zafi ruwa ya fi bukata, ba ƙasa da haka ba. Abin da ke sabawa da ƙishirwa baki ne da zuciya, mutum ya koyi daurewa ya yi shiru. Jini da ƙoda ba sa daurewa. Yaron da ya yi mako biyu yana rage ruwa kafin tashi, ya hau mota ne da bashin ruwa a jikinsa tun ba a bar Gatrun ba. Raƙumi kan rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ya ci gaba da tafiya, ɗan Adam kuwa in ya rasa kashi ɗaya cikin goma ya fara sambatu, tsayuwa ta gagare shi.

Sai ka ji wani ya ce ai muna azumi cikin bazara ba mu mutu ba. Mai azumi ya sha da asuba, zai sha da magariba, yana da inuwa da tabarma, kuma tsakanin sha da sha awa 14 ne ko kusa da haka. Shi ma addinin ya ba matafiyi damar ajiye azumi ya rama. Wanda ya fi mu sanin jikinmu ya sauƙaƙa, sai ɗan kamasho a tasha ne zai tsananta?

Ɗaya kuskuren, ɗan'uwan wannan, shi ne tattalin ruwa da murfin bido: kurɓi ɗaya da safe, kurɓi ɗaya da yamma. An sha samun gawa a hamada da sauran ruwa a gefenta. Dalili kuwa, abin da ƙarancin ruwa ke fara taɓawa hankali ne. Mutum na fara ciwon kai da jiri, sai fushi, sai ya yanke shawarar da mai hankali ba zai yanke ba, ya bar mota ya nufi wani tudu da yake gani kamar kusa. A iskar Tenere gumi na bushewa tun bai jiƙa riga ba, don haka mutum bai ma san yana zubar da ruwa ba. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari. In ya yi kaɗan kuma ya yi ja kamar shayi, a sha ruwa nan take, ko an ji ƙishirwa ko ba a ji ba. In mutum ya yini bai yi fitsari ba, ko fatarsa ta yi zafi ya fara magana barkatai, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa tufafinsa a yi masa fifita, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan muddin yana iya haɗiya. Ya sayi fakitin SRO, garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, ko guda 10 a famasi kafin tashi. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kada a ƙara gishirin.

Ƙwayar da abokansa ke nufi kuwa, galibi tramol ce. Ba ta sa ɗigon ruwa ko ɗaya a jiki. Kashe jin wahala take yi, ta busar da baki, ta sa gumi da amai, ga wasu kuma har farfaɗiya. Mai talla da tire a kai ba likita ba ne. Direban da ke haɗiyarta don kada ya yi barci ma ya isa dalilin sauya mota. Haka nan ruwan radiyeta: in an zuba masa maganin nan mai launin kore ko ja, guba ne mai kashe ƙoda. Fitsari kuma gishiri yake ƙara wa jiki.

To ta ina ake tattalin? Ta hana gumi. In mota ta tsaya, ba a barinta. Mai tafiya a ƙasa da rana kan zubar da lita guda cikin awa ɗaya, kuma masu nema mota suke iya hangowa, ba mutum ɗaya cikin rairayi ba. A ɗaura tamfol daga jikin mota, in da hali biyu, da tazara tsakaninsu. A tone rairayin sama mai zafi a kwanta kan na ƙasa. Kada a tuɓe riga, a rufe kai da baki da rawani, a rage magana, a rage cin busasshen abinci irin kilishi. Gyaran mota a bar shi sai rana ta yi sanyi. In an ji ƙarar mota ko jirgi, a ƙona tsohuwar taya, baƙin hayaƙinta na tafiya nesa, amma a sace iskarta tukuna don kada ta fashe. A Oktoban 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, kuma a warwatse aka tsinci gawarwakin. A 2017 wasu 44 suka rasu a yankin Dirku, su ma mota ce ta tsaya da su.

Ga abin da zai duba da idonsa kafin ya biya kuɗi. Ayarin kada ya gaza mota 3, kuma a yi alkawarin ba mai wuce wani. Ya ga wayar Thuraya, mai aiki da tauraron ɗan Adam, da kuɗi a cikinta, da GPS, don layin salula ba ya aiki a yawancin hanyar. Ya ga taya 2 na ajiya, famfon iska, shebur, faranten ƙarfe na fita daga rairayi, bel na fanka, tiyon radiyeta da filtar mai. Direban kirki kan rage iskar taya in an shiga rairayi mai laushi ya mayar in an hau duwatsu. Wanda ba ya yin haka shi ke ƙona kuloci. Ruwan kuma a raba shi bido-bido, kada a zuba shi duka a tano ɗaya, domin huda guda ta isa ta zubar da na kowa. Nasa bidon ya naɗe shi da buhu ya ajiye kusa da ƙafarsa, ya cika shi a kowace rijiya ko da bai kai rabi ba.

Sai batun takardu, wanda ke sa direbobi kauce wa hanya. Bayan dokar 2015 kan safarar baƙin haure, da yawa sun koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi don gudun shingen jandarma. An soke dokar a Nuwamban 2023, amma ɗabi'ar ta zauna, musamman ga mai motar da ba ta da takardar duwan. Jiran rakiyar soja a Dirku na da cin rai, tambayoyin shinge ma haka, wani lokaci mutum ya yini a rana kan takarda ɗaya. Duk da haka ya bi ayarin da ke da rakiya, da katin ɗan ƙasa a aljihunsa, ba cikin jakar da aka ɗaure a ƙarƙashin kaya ba. In direba ya ce ya san wata gajeriyar hanya da babu shinge, ya sauka tun a gari.

In zai iya ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba ko Disamba, ya fi, sai dai ya tanadi bargo don sanyin dare a can ba wasa ba ne. In kuwa Mayun ce dole, ya kira ki daga Dirku ya faɗa miki ranar tashi da lambar Thurayar direba, ku yanke ranar da in ba ki ji shi ba za ki sa a sanar da jandarmomin Agadas. Daga Agadas ya huta kwana ɗaya ya shiga bas ta Tanut da Damagaram, ya biyo Tasawa zuwa gida. In ya iso fitsarinsa bai washe ba bayan kwana biyu, ko ƙafafunsa sun kumbura, ki kai shi likita a duba ƙodarsa.