Mun cire aibi (ivy, tsiro mai yaɗo) daga bango amma sawunsa ya ƙi fita daga jikin roba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchester, gidan da muka saya aibi ya lulluɓe bayansa har bakin rufi. Maigida ya fizge shi satin da ya wuce amma ya bar wasu ƙananan saiwoyi kamar ƙafafun shanshani manne a jikin farar robar tagogi da ta ƙarƙashin rufi, na goga da soso sun ƙi fita. Wata maƙwabciya ta ce in sa tina (ruwan tsinka fenti), in sa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki sa tina, haka abin goge jan farce ko fetur, duk ki ajiye su gefe. Wannan robar PVC ce, tina tana cin fuskarta, ƙyallin ya mutu, wurin ya dushe yana kama datti, kuma in ya lalace sai dai a canza. Soson ƙarfe na wanke tukunya ma haka, zai bar miki zane-zane.

Abin da ya sa suka ƙi fita, waɗannan saiwoyin ba kama bango kawai suke yi ba, wani irin gam suke fitarwa wanda in ya bushe sai ya riƙe ƙam. To amma ke kin ci sa'a, roba sulɓi gare ta ba kamar bulo ba da saiwar ke kutsawa cikin ramukansa, a sama kawai suke zaune, don haka jiƙo ne maganinsu ba ƙarfi ba. Ki samu ruwan ɗumi ki zuba sabulun wanke kwanuka, ki jiƙa tsohon tawul ki shimfiɗa a kan wurin kamar minti 15, in ya huce ki sake jiƙawa. Daga nan ki ɗauki tsohon katin ATM ki kwantar da shi kina turawa a hankali, za ki ga suna ɓallewa kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Ragowar ɗige-ɗigen ruwan ƙasa kuma tsohon buroshin haƙori ya ishe su. Wani wurin sai kin maimaita sau biyu ko uku, gaskiya aikin na son haƙuri.

In tabo ya rage akwai man goge PVC da ake sayarwa a shagunan kayan gini, ki fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Amma fa na farar roba nake magana, in taku mai kalar katako ce ko toka-toka to yawanci leda ce siririya aka manna a sama, ruwa da sabulu kaɗai.

Wasu na ƙona saiwar da wuta a jikin bulo, kar maigida ya gwada a nan, PVC tana fara laushi tun wajen digiri 80 na zafi a ma'aunin Celsius. Injin fesa ruwa mai ƙarfi kuma yana tura ruwa bayan allon rufin ya jiƙa katakon ciki.

Ki sa safar hannu, ruwan aibi yana sa wasu ƙaiƙayi. Na bakin rufin nan kuwa kar mutum ya hau tsani shi kaɗai babu mai riƙe masa. In akwai sauran aibi da ba ku cire ba ku leƙa ciki tukuna, a Ingila dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar tsuntsu da ake amfani da ita, kuma daga Maris zuwa Agusta ne suka fi yin sheƙa a ciki.