Tambaya da amsa: A ina zan kwana kafin mu hau jirgin ruwan shaƙatawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na biya kuɗin balaguron kwana 7 a jirgin ruwan shaƙatawa a tekun Bahar Rum, ni da maiɗakina da mahaifiyata wadda ƙafa ke damunta. Tikiti ya nuna jirgin zai tashi daga "Rum (Civitavecchia)" da ƙarfe 6 na yamma. Wanda ya shirya mana tafiyar ya ce kama otal ɓarnar kuɗi ce, tun da jirgin samanmu zai sauka Rum da 11 da rabi na safiyar ranar, wai ko mun ɗan makara ma za a jira mu tun da mun biya. Hankalina ya ƙi kwanciya, kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. In kama otal ko in bari? In zan kama, a cikin Rum ko a bakin tasha?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya. Ka kama otal, ka sauya ranar jirgin samanku ku iso aƙalla kwana 1 kafin tashi. In tafiyarku tana da yada zango a wata ƙasa kafin Italiya, kwana 2 zai fi.

Zan dawo kan wane otal, amma sai na fara da maganar nan ta "za a jira ku", domin kusan kullum sai na ji ta a bakin wani, kuma ita ce ta fi jawo wa mutane asara a wannan harkar. Jirgin ruwa ba ya jiran fasinjan da ya kawo kansa. Kyaftin yana da lokacin da tasha ta ba shi ya saki gurbi, akwai matuƙin tasha da zai hau ya fitar da jirgin daga mashiga, akwai nisan da dole a cinye cikin dare don a isa gari na gaba da safe, ga mutum dubu uku ko dubu biyar a ciki da suka zo a kan lokaci. Ba za a riƙe su duka saboda mutum uku ba, kuma sharuɗɗan tikitin da ka sa wa hannu sun ɗora maka nauyin isowa.

Sannan ƙarfe 6 ɗin da ka gani lokacin kwance igiya ne. Rajistar fasinjoji ana rufe ta tun kafin nan, galibi da awa 1 da rabi zuwa 2, gwargwadon kamfani da tasha. Ka buɗe takardar hawan da suka turo maka, za ka ga wani lokaci dabam da aka rubuta a matsayin ƙarshen karɓar fasinja, shi ne naka. Dalilin rufewar da wuri biyu ne. Dole jirgi ya miƙa wa hukumomi sunayen duk wanda ke ciki kafin ya motsa. A tashoshin Amurka ma doka ta ce minti 60 kafin tashi. Na biyu kuwa atisayen ceton rai ne. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bar wannan tashar ta Civitavecchia da za ku hau, ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio cikin daren, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka hau a ranar ba a kai ga nuna musu wurin taruwa da kwale-kwalen ceto ba. Bayan haka aka tsaurara dokar kare rayuka a teku, ya zama wajibi a yi wa sababbin fasinjoji atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Ma'aikacin da ke ƙofa ba shi da ikon ɗaga maka ƙafa a kan waɗannan, ko da ka yi masa kuka.

Na taɓa ganin abin da idona. Wani magidanci ne da iyalinsa, sun iso da tasi bayan an rufe rajista da 'yan mintoci, jakunkunansu ɗaure da takardun shaida masu lambar ɗakinsu. Jirgin na nan a ɗaure, tsanin hawa ma ba a janye ba, yaransa suna nuna benayen jirgin da yatsa. Ya riƙe fasfo biyar a hannu yana miƙa wa ma'aikaciyar, ita kuma tana ba shi haƙuri. A nan suka tsaya har jirgin ya yi ƙugi ya ja baya. Jakarsu guda ɗaya ce ta makara a filin jirgi, suka tsaya jiranta.

Mu yi lissafin naka. Kun sauka Fiumicino, filin jirgin saman Rum, da 11 da rabi, in jirgin bai makara ba. Layin duba fasfo da jiran kaya za su iya cin awa 1 da rabi, musamman da za a jira keken da zai ɗauko Hajiya. Ƙarfe 1 ke nan. Daga filin jirgin zuwa Civitavecchia kilomita 60 da wani abu ne, kusan awa 1 a mota in hanya ta yi kyau. Babu jirgin ƙasa kai tsaye, sai an shiga Rum an sauya a tashar Trastevere ko Ostiense, da kaya da tsohuwa. A mafi kyawun hali kun isa da ƙarfe 2, rajista kuma za ta rufe wajen 4. Duk dukiyar da ka zuba ta rataya a kan awa 2. Jirgin sama ya makara da awa 2 abu ne da ke faruwa kowace rana a kowane filin jirgi. In kuwa kun rasa jirgi na biyu a zango, wataƙila sai washegari za a samo muku kujeru uku.

Abin da ke ɓata min rai da masu ba da irin wannan shawarar shi ne ba su taɓa gaya wa mutum abin da ke biyo baya. Kamfanin jirgin ruwa ba zai mayar maka da kuɗinka ba. Kamfanin jirgin sama iyakarsa ya kai ka Rum, babu ruwansa da jirgin ruwan da ka rasa. In kana son cim ma jirgin a gari na gaba, da aljihunka za ka yi, bayan ka nemi izinin kamfanin, kuma in garin yana wajen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, sai maganar biza ta taso. Inshorar da ka yanka don neman biza, wadda aka ce sai ta kai Yuro 30,000, ta asibiti ce da gaggawa. Ka karanta takardarta, sau da yawa ba ta ƙunshi rasa jirgi ba. Ejan ɗin da ya ce maka za a jira ku yana gida a kwance ranar da kake tsaye a bakin ƙofa da mahaifiyarka. Wasu suna yin haka ne don jimillar kuɗin da za su nuna maka ta yi ƙasa da ta abokan gasarsu, su samu cinikin. Wasu kuma ba su taɓa taka tashar jirgin ruwa ba, sun ɗauka kamar motar haya ce da ake cewa direba ya dakata. Wanda aka ba amanar tafiyar mutane, har da tsofaffi, bai halatta ya faɗi abin da bai sani ba da bakin tabbaci. In bai sani ba ya ce bai sani ba, ya je ya tambayo. Ka ce masa ya rubuta maka a takarda cewa shi zai biya in kun rasa jirgin, ka ga ko zai sa hannu.

Inda kawai kamfani ke ɗaukar wani nauyi shi ne in ta hannunsa ka sayi tikitin jirgin sama haɗe da na ruwa. Nan ma abin da suke yi shi ne su taimaka a kai ka tasha ta gaba, kwana ɗaya ko biyu na hutun sun riga sun tafi.

Yanzu batun otal. Sunan garin da ke kan talla yakan bambanta da inda jirgin yake. Civitavecchia gari ne mai zaman kansa, kusan kilomita 80 arewa maso yamma da Rum. Haka jiragen da ake cewa na Landan yawancinsu daga Southampton suke tashi, tafiyar fiye da awa 1 a jirgin ƙasa daga tashar Waterloo. Venice kuwa tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, shi ya sa za ka ga an rubuta Venice alhali a Marghera ko Ravenna ko Trieste za a hau. A Dubai wuraren hawa biyu ne masu nisa da juna, Mina Rashid da Dubai Harbour. Don haka kalmar "kusa da tasha" da shafukan kama otal ke liƙawa ba ta isa hujja ba. Ka ɗauko sunan ainihin wurin hawa daga takardarka, ka sa shi a Google Maps tare da adireshin otal ɗin, ka duba minti nawa ne a mota da ƙarfe 11 na safe a irin ranar da za ku hau.

A halinka, da Hajiya a tare, in dare ɗaya ne ku wuce Civitavecchia kai tsaye daga filin jirgi ku kwana can. Kun yi doguwar tafiyar ke nan a ranar da babu agogo a kanku, washegari sai 'yar gajeriyar hanya. In kuna son ganin Rum, ku ba ta dare 2 nata, amma daren ƙarshe ya kasance a Civitavecchia, ko kuma ka yi odar mota tun da wuri ta ɗauke ku daga ƙofar otal da safe. Jirgin ƙasa daga Termini, babbar tashar Rum, yana cin awa 1 ko fiye da haka kaɗan, yana kuma da kyau ga matashi mai jaka ɗaya. Italiya ƙasa ce da ake yajin aikin sufuri a kai a kai. Ana sanar da shi kwanaki kafin ranar, don haka ka bincika mako ɗaya kafin ku taso.

Ko a cikin Civitavecchia ɗin, kada ka ɗauka za ku fito daga otal ku taka zuwa jirgi. Tashar tana da faɗi ƙwarai, kuma manyan jirage can nesa a kan doguwar katangar teku suke ɗaurewa. Fasinjojin ƙafa sukan taru a wani wuri da ake kira Largo della Pace, motocin tasha su kwashe su zuwa wurin jirginsu. Ga mai ciwon ƙafa wannan hawa da sauka wahala ce. Ka tambayi otal ko motar da za su kira muku tana da izinin shiga har bakin zauren fasinjoji, domin ba kowace mota ake bari ta wuce ƙofa ba. In otal ya ce yana da motar jigila, ka tambaye su zuwa ina, ƙarfe nawa, kuma ko sai an yi rajistar kujera tun dare. Sau da yawa motar ta filin jirgin sama ce kawai. Ka sa su ba ka amsa a rubuce.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne na'urar hawa bene. A tsofaffin garuruwan Italiya masauki da yawa gidaje ne da aka mayar, ɗakin yana hawa na uku, matakala ƙunci, babu mai karɓar baƙi da dare sai dai a turo maka lambar buɗe ƙofa ta waya. Kai da za ka iso da gajiya, wataƙila layin wayarka bai fara aiki ba, ga manyan jakunkuna ga tsohuwa, ka nemi otal mai ma'aikaci a teburi dare da rana, ka kuma roƙi ɗakin Hajiya ya kasance a ƙasa ko kusa da na'urar, da banɗaki mai shawa wanda ba sai an ɗaga ƙafa an shiga kwamin wanka ba. In hotuna sun nuna tagar ɗakin tana kallon hanyar manyan motocin tasha, ka nemi na baya, don jiragen fito na zuwa Sardiniya suna lodi har dare.

Ka zaɓi ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, saboda kamfanoni sukan sauya tasha ko lokaci. Araha ba ta ado a nan. Ka kuma kama da wuri, domin garin ƙarami ne, a lokacin zafi jirage da yawa sukan yi lodi rana ɗaya, ɗakuna su ƙare. Yawancin otal suna ba da ɗaki daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, su karɓa da 10 ko 11 na safe. Wannan ya yi daidai da ku in ka zaɓi lokacin hawa na tsakar rana a rajistar intanet ta kamfanin jirgin.

Kafin ka sauya tikitin jirgin sama, ka buɗe fasfo ka dubi bizarku. Na sha ganin an buga wa mutum biza da ta fara aiki daidai ranar tashin jirgin ruwa, saboda takardar jirgin kaɗai ya kai ofishin jakadanci. Mai irin wannan bizar ba zai iya isowa kwana ɗaya kafin ba, a filin jirgin farko za a tsayar da shi. In ba ku riga kun nema ba, ka haɗa da takardar otal ɗin don kwanakin su shiga lissafi. Ka kuma dubi jerin garuruwan da jirgin zai tsaya: in akwai Turkiyya ko Tunisiya ko Montenegro a ciki, kun fita daga Schengen za ku dawo ke nan, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, kuma a ƙofar jirgi za a gano hakan.

Daren da kuke otal, ku ɗaura wa manyan jakunkuna takardun shaidar jirgin ruwan, kada ku ɗaura tun daga gida don sukan yage a jirgin sama. Za a karɓe su a bakin zaure, ba za su iso ɗakinku ba sai yamma ko dare. Fasfo, takardar hawa, cajar waya da duk magungunan Hajiya su kasance a ƙaramar jakar da ke hannunka. Tun yanzu kuma ka rubuta wa kamfanin jirgin cewa kuna buƙatar keken marasa lafiya a wurin hawa, domin daga zaure zuwa cikin jirgi akwai tafiya mai ɗan tsawo da gangare.