Kada ka damƙa masa Turai gaba ɗaya tun ba ku san juna ba

Wani mai masana'anta ne ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'anta ta takalman fata, shekara 9 ke nan muna aiki. Bara na kai samfuri wani baje koli a ƙasar waje, sai ga wani kamfani a Beljiyam ya aiko yana so ya riƙa sarin kayana, amma da sharaɗin shi kaɗai zai sayar da su a duk faɗin Turai har tsawon shekara 5. Akwai kuma wani mutum a Jamus da ya ce zai riƙa nemo mini masu saye a kan la'ada. Ɗana kuwa cewa ya yi in rabu da su duka mu zuba kayan a Amazon. Kaina ya ɗaure. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Duk wanda kamfanin waje ya biyo shi da kansa yana neman kayansa, to aikinsa ya yi kyau, ina taya ka murna. Amma in ka tambaye ni, wannan tayi na Beljiyam a yadda yake ɗin nan, albarka za ka ce. Kamfanin ba korarsa za ka yi ba, sharaɗin ne bai kai a sallama ba.

Hanyoyin nan uku da aka kawo maka, abin da ya raba su shi ne wa ya mallaki kayan bayan sun sauka daga jirgi, wa ya san mai saye, wa kuma zai kwana da tunanin bashi idan ba a biya ba. Kamfanin Beljiyam dila ne. Zai sayi kayanka da kuɗinsa, su zama nasa, ya ajiye a sitonsa, ya ɗora ribarsa ya raba wa masu kantuna. In sun yi kwantai, a kansa suka yi. Kai mutum ɗaya kake bi bashi, takarda ɗaya kake yankewa. Wannan sauƙi ne babba ga wanda bai taɓa fitar da kaya ba, kuma da ɗan gari akan ci gari: ya san harshen, ya san lokacin da kantuna ke yin oda, ya san kwastan ɗinsu. Abin da za ka biya a kan wannan sauƙi shi ne makanta. Ba za ka san su wa ke sayen takalmanka ba, ko nawa ake sayar da su, ko wane launi ne ya fi tafiya, sai abin da ya ga damar faɗa maka. Ranar da kuka rabu, shi zai tafi da kwastomomin, kai ka koma farko.

Mutumin Jamus kuwa wakili ne, abin da za mu kira dillali mai takarda. Ba ya sayen komai. Yana yawo da samfurinka, ya karɓo oda, kai ka aika kaya kai tsaye ga mai kanti da sunanka, in an biya ka cire masa la'adarsa. A nan kai ke yanke farashi, kai ka san kwastomominka ɗaya bayan ɗaya, ribar da dila zai ci ma tana aljihunka. Sai dai kayan naka ne har su isa hannun mai saye, kuma in mai kanti a Hamburg ya ƙi biya, kai za ka bi shi, daga inda kake. Maimakon bashi ɗaya sai ka wayi gari da ashirin ƙanana, kowanne da ranarsa.

Akwai abin da masu fitar da kaya da yawa ba sa sani game da wakili a Turai sai ranar rabuwa. Tun 1986 Tarayyar Turai take da doka mai kare wakilan kasuwanci. Idan ka sallami wakilinka ba tare da ya yi babban laifi ba, yana da hakkin diyya saboda kwastomomin da ya kawo maka. A Jamus diyyar tana iya kaiwa la'adar shekara guda, a lissafa ta a kan matsakaicin abin da ya samu a shekara 5 na ƙarshe. A Faransa kotuna sun saba yanke la'adar shekara 2. Akwai kuma wa'adin sanarwa: wata 1 a shekarar farko, wata 2 a ta biyu, wata 3 daga ta uku. Kada ka ce za ka rubuta a yarjejeniya cewa dokar ƙasarka za a bi don ka tsira. Kotun Turai ta rufe wannan ƙofa a shekarar 2000, a shari'ar wani kamfanin Amurka da wakilinsa na Ingila. Wannan bai sa wakili ya zama abin gudu ba. Kawai ka sa kuɗin rabuwar a lissafinka tun ranar ɗaurawa.

To, mu dawo kan Beljiyam, don nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Ka dubi abin da suka nema da kyau. Tarayyar Turai ƙasashe 27 ce, in kuma an rubuta "Turai" haka kawai, to har da Birtaniya da Siwizalan da Norwe. Kamfani ɗaya matsakaici da wuya ya zama yana da ƙafa a duk waɗannan wurare. Mai yiwuwa yana da ƙarfi a Beljiyam da Holan, wataƙila da arewacin Faransa. Sauran ƙasashen zai riƙe su ne kawai, bai ci ba bai bar wani ya ci ba. Gobe in wani babban mai saye daga Italiya ko Sifen ya ga kayanka ya neme ka, dole ka tura shi wurin mutumin da ko ofis ba shi da shi a can, haka har shekara 5. Na taɓa zama da wani mai sana'a da ya sa hannu a irin wannan takarda. Dilan ya ɗauki kwantena ɗaya, ya yi shiru. Daga baya aka gano yana sayar da kayan wani kamfanin irin nasa, ya ɗaure shi ne don kada ya shigo kasuwar ya dame shi. Mutumin nan yana ji yana gani oda na zuwa yana mayarwa. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo.

Ƙari a kan haka, Beljiyam na cikin ƙasashen da suka fi kare dila. Tun 1961 suke da doka a kan dilan da aka ba shi yanki shi kaɗai. In yarjejeniyar ba ta da ranar ƙarewa, ba ka raba gari da shi sai da isasshen wa'adi ko diyya, kuma yarjejeniya mai wa'adi ma in aka yi ta sabunta ta, takan koma marar wa'adi a idon doka. Saboda haka kafin alƙalaminka ya taɓa takarda, ka biya lauyan da ya san dokar can ya karanta ta. Kuɗin lauya ba komai ba ne a kan abin da zai hana ka asara.

Abin da nake ba ka shawara ka mayar musu shi ne: yanki ya zama ƙasa biyu ko uku da suke da kantunan da za su iya nuna maka. Wa'adi shekara 1, in ya yi yawa 2. Keɓewar kuma ta rataya a kan adadi, wato a rubuta ƙafa nawa za su saya kowane wata 6, in ba su cika ba keɓewa ta faɗi, su ci gaba da saye kamar kowa. A rubuta cewa duk wata 3 za su aiko maka da bayanin abin da aka sayar da ƙasashen da ya tafi. A rubuta ko suna da izinin sayar da takalman wani mai kama da naka. In sun cika alkawari, ka ƙara musu ƙasa da hannunka, kana murna. Dilan kirki ba ya tsoron adadi, don ya san abin da zai iya. Wanda ya tubure a kan duk Turai amma ya ƙi faɗin ƙafa nawa zai ɗauka, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Kafin duk wannan ma, ka yi wa tambarinka rajista a can da sunanka. Ofishin Tarayyar Turai da ke Alicante a Sifen yana ba da rajista ɗaya mai aiki a ƙasashe 27, ta shekara 10, ana sabuntawa. Kada ka yarda dila ya ce zai yi maka "don sauƙi". In sunansa ne a takardar, ƙwato sunan kayanka zai zama shari'a.

Yanzu maganar ɗanka. Yana da gaskiya ta wani gefen, a intanet babu mai tsaya maka a tsakani, kuma za ka ji bakin masu saye kai tsaye. Amma takalmi yana cikin kayan da suka fi wahalar sayarwa ta wannan hanya, saboda ba a san ya yi daidai ba sai an sa a ƙafa. Dokar Turai ta ba wanda ya saya ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma mutane sukan yi odar lamba biyu su mayar da ɗaya. Wanda aka mayar ina zai sauka? Dole sai kana da wurin ajiya a can. Amazon na cire kusan kashi 15 cikin 100 a kan irin waɗannan kaya, ban da kuɗin ajiya da na kaiwa da na talla. Za ka yi rajistar harajin VAT a ƙasar da ka ajiye kaya. Daga Disambar 2024 kuma doka ta wajabta a sami wani mazaunin Tarayyar da zai ɗauki alhakin lafiyar kayan. Wannan buɗe kanti ne a wata ƙasa, da duk ɗawainiyarsa. Ku ajiye shi zuwa lokacin da kuka san kasuwar, sannan ka tabbatar yarjejeniyarka da dila ba ta rufe maka wannan ƙofa ba.

Buɗe reshe, ko haɗin gwiwa, ko ba wani lasisin ƙera takalmi da sunanka, duk hanyoyi ne, amma na wanda ya riga ya kafu ne. Ba yanzu ba.

Kowace hanya ka zaɓa, ka yi lissafi daga kanti ka dawo baya. Ga misali kawai, don ka ga yadda abin ke hawa: a ce takalmi ya bar masana'antarka a kan 100. Dako da inshora da kuɗin fito suka kai shi 125. Dila ya ɗora nasa ya sayar 170. Mai kanti ya ninka, 340. VAT na Beljiyam kashi 21 ne, ya zama wajen 410. Sai ka tambayi kanka, takalmin da ke kusa da naka a kan kanta nawa yake? In 300 ne, to akwai gyara tun daga gida. Kuɗin fiton kuwa za ka san shi daga lambar kayanka a kundin kwastan na duniya, inda takalma suke babi na 64.

Kayan su ma sai sun cika ƙa'ida. Turai ba ta yarda sinadarin kromiyam mai lamba 6 ya kai miligiram 3 a kowane kilo na fatar da ke taɓa jiki ba, kuma wannan daga wurin jima yake farawa, don haka ka kai fatarka ɗakin gwaji tun kafin a nema. Kowane takalmi kuma sai an nuna da me aka yi samansa, da cikinsa, da tafinsa.

Saura biyan kuɗi, inda ake yawan kuka. A cinikin farko kada ka aika kaya bashi, komai daɗin bakin mai saye. Ko dai ya ba da kafin alƙalami ya cika sauran kafin ka sakar masa takardar lodin jirgi, ko ya buɗe takardar lamuni ta banki. In ta banki ce, ka sani banki takardu yake dubawa, ba ya buɗe kwali. Kuskuren harafi a suna ko saɓanin kwanan wata na iya sa a ƙi biya, kuma in ba a faɗi wani wa'adi ba, kwana 21 kake da su bayan lodi ka gabatar da takardun. A rubuta kuma inda alhakinka ya ƙare, da ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms na 2020, guda 11 ne. A cikinsu, ga kayan kwantena wanda ake kira FCA ya fi dacewa da kai: ka gama da kwastan ɗin ƙasarka, ka miƙa wa mai dakon da ya zaɓa, daga nan hatsari ya koma kansa. Ka guji DDP a yanzu, don shi ke ɗora maka fito da harajin ƙasar da ba ka san ta ba. Batun saɓani kuma, a sa sharaɗin kai shi gaban masu raba gardama da kuka zaɓa a wajen kotu, wato arbitration, don hukuncinsu ana zartar da shi a ƙasashe fiye da 170 ƙarƙashin yarjejeniyar New York ta 1958.

Da ni ne kai, Alhaji, zan riƙe mutanen nan biyu a lokaci guda, kowa da gonarsa. Beljiyam da Holan ga dila, Jamus ga wakili, kowanne shekara guda ta gwaji. Kafin nan zan je in gan su, don zuwa da kai ya fi aike. In shiga siton kamfanin in ga kayan wa ke ciki, in ce su kai ni kantuna uku da suke ba kaya, in karɓi lambar masana'anta biyu da suke hulɗa da su in kira da kaina in ji yadda suke biya. Baje kolin takalma na MICAM ana yin sa a Milan sau biyu a shekara, wajen Fabrairu da Satumba. Ka daidaita tafiyarka da ɗaya daga ciki, ka tafi da ɗanka, ku ga farashi da idonku. Wasiƙar da za ka aika wa kamfanin a wannan mako kuwa gajeriya ce: ka gode musu, ka ce kana son aiki da su, sannan ka tambaye su ƙasashen da suke da kwastomomi a yau da kuma ƙafa nawa za su ɗauka a shekarar farko.