Gwaggo, Na Daina Ɗaga Hannu Bayan Sallah

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya.

Shekaruna 32. Na yi shekara 6 ina aikin akawu a wani kamfani, har an fara maganar ƙara min girma. Wata Litinin aka tara mu aka ce an rufe reshenmu, kowa ya kama gabansa. Ban gama farfaɗowa ba mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni ce babba, ni ce kuma ba ni da wurin zuwa da safe, sai jinya ta dawo kaina. Yau shekara 3 ke nan.

Ba zama na yi ba. Sau 9 ana kirana ganawar ɗaukar aiki, sau biyu na kai zagaye na ƙarshe aka ce "za mu neme ki". Har yau in zan ta da sallah sai na ajiye waya a gefen sallaya, fuskarta sama, kar ta yi haske ban gani ba.

Wata 4 ke nan da zarar na sallame sai in miƙe, ba na ɗaga hannu. Me zan ce da ban faɗa ba? Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce "ki yi haƙuri, komai da lokacinsa". Wata ƙawata ma cewa ta yi yawan kukana raunin imani ne. Wani dare ina juya Umma a gado, na ji bakina ya ce, "Ya Allah, har yaushe?" Na tsorata da kaina. Gwaggo, saɓo na yi?

'Yarki mai jira

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya saka miki da alheri.

Bari in fara da abin da ya tsorata ki. Ɗauko Alƙur'ani ki buɗe Suratul Baƙara, aya ta 214. Allah Yana ba da labarin mutanen da wahala da cuta suka taɓa, aka girgiza su, har manzonsu da waɗanda suka yi imani tare da shi suka ce, "Yaushe taimakon Allah zai zo?" Manzo ne fa a cikin masu tambayar. Amsar da ta biyo baya ba tsawa ba ce, cewa aka yi taimakon Allah yana kusa. Ke kuma da tsakar dare, kina riƙe da kafaɗar mahaifiyarki, wa kika kira? Wanda ya yanke ƙauna ba ya kiran sunan.

Ƙawarki kuwa, wataƙila da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta yi kuskure. Annabi Yaƙub shi ne ya ce "haƙuri kyakkyawa" har sau biyu a Suratul Yusuf, aya ta 18 da ta 83. Aya ta 84 ta gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. 'Ya'yansa suka yi masa irin maganar da ake yi miki, wai ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka kansa. Ya ce shi Allah yake kai wa ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Daga nan bai kwanta ba, ya ce su koma su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ga kuka, ga kai ƙara, ga nema, duk a jikin mutum ɗaya, kuma ba a cire shi daga masu haƙuri ba. Mu ne muka mayar da haƙuri busasshen ido da rufe baki, shi ya sa kalmar take miki ɗaci in an faɗa miki ita.

Akwai abin da ba zan gaya miki ba. Ba zan ce an raba ki da aiki ne domin ki yi jinyar Umma ba, kodayake na san wasu masu karatu sun riga sun faɗa a ransu. Ban san gaibu ba. Ba kuma zan ce nan da wata kaza za a kira ki ba. Abin da aka yi mana alkawari shi ne na hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri: addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba ta faɗuwa ƙasa, ko a gaggauta amsa ta, ko a taskance ta zuwa lahira, ko a kawar da wani sharri gwargwadonta. Kwana da rana ne ba a ba mu ba, kuma a nan tawakkali yake da nauyi.

Inda zan ɗan ja miki kunne shi ne miƙewar nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana amsa wa mutum matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa min ba. Kin ce ba ki da abin faɗa. To, ki faɗi hakan. "Ya Allah, na gaji, ban san abin da zan roƙa ba" addu'a ce. Wayar kuma ki bar ta a wani ɗakin in za ki yi sallah. Mai son ɗaukarki aiki zai sake kira bayan minti 10.

Ban ji kin ambaci ƙannenki a jinyar nan ba. Zamanki babba bai sa ki zama ke kaɗai ba. Ki tara su ki raba kwanaki, ko da yini biyu ne a mako, ki samu sararin barci da sabunta takardunki, ki kuma nemi masu ƙananan sana'o'i da ke buƙatar mai riƙe musu lissafi, ko na 'yan awowi ne. Shekara 3 ana ɗaga mara lafiya ana kwantarwa tana cin jiki da zuciya. In kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, komai ya daina yi miki daɗi fiye da mako 2, ki je ki ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani kamar na Umma.

Ki sake rubuto min bayan kin zauna da ƙannen naki, ina son jin wa ya ɗauki wace rana. Ki gaishe min da Umma.

Gwaggonki